Yadda Ake Haɗa Kuɗin Unguwa a Ƙawata Bango da Zanen Gargajiya a Kano

Tun ranar da hotunan katangar bakin layinmu, wadda muka ƙawata da zanen gargajiya, suka zaga wayoyi ban huta da tambaya ba. Wani daga Gwale, wani daga Fagge, wata malamar makaranta daga Tarauni, kuma duk maganar ɗaya ce: ya aka yi kuka haɗa kuɗin, wa ya ba ku izini, nawa aikin ya ci? Na gaji da amsa wa mutum ɗaiɗai, shi ya sa na zauna na jera matakan bi da bi. Bangon da nake nufi irin wanda kowa ya sani ne, doguwar katangar makaranta, ko ta asibitin sha-ka-tafi, ko bayan wani tsohon gida da ke kallon titi, wanda fastocin 'yan takara da lambar wayar mai maganin basir suka cinye.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu, domin sauran duk a kansa suka hau: kada ku karɓi ko kwabo a hannun kowa sai kun san bangon, kun san zanen, kun san farashin. Da yawa daga masu tambayata sun riga malam masallaci. Sun buɗe zaure a WhatsApp, sun saka lambar asusu, kuɗi sun fara shigowa, alhali ko mai bangon ba a gaisa da shi ba.

1. Zaɓen bango da sanin mai shi

Ku je ku ga bangon sau uku: da sassafe, da la'asar, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama in lokacin damina ne. Ku duba ƙasansa. In kun ga farin gari kamar kanwa yana fitowa daga jikin filasta, ko ƙasan ya yi duhu har zuwa gwiwa, danshi ne yake hawa daga kwata ko daga banɗakin da ke bayansa, kuma duk fentin da aka shafa a nan zai saɓule kafin shekara ta zagayo. Ku ɗaga kai ku ga inda indararo ke zuba. Ku lura da inda bangon ya fuskanta: hadarin Kano daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, na yamma kuma shi ke shan zafin rana, launinsa ya fi saurin koɗewa. Ba wai ba za a yi musu aiki ba, sai dai a san da haka tun wajen zaɓen fenti.

A karon farko kada ku wuce mita 20 zuwa 30. Gajeren bango da aka gama ya fi dogon da aka bari rabi, kuma shi zai jawo muku kuɗin zagaye na biyu.

Sannan a nemo mai shi. In gidan mutum ɗaya ne, da sauƙi. In gidan gado ne, amincewar wanda ke zaune a ciki kaɗai ba ta isa ba, sai an ji daga manyan magada, har da matan da ke gidajen aure. In firamare ce ta gwamnati, a fara da hedimasta, shi zai nuna muku yadda za a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In bangon masallaci ne ko islamiyya, kwamitinsu. Ko wane ne, a rubuta amincewar a takarda, a sa hannu, shaidu biyu su sa.

Gargaɗi: ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan'agundi, Ƙofar Mata, Gadon Ƙaya da sauransu, kayan tarihi ne da ke ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ba a kai musu buroshi da sunan gyara, komai kyawun niyya. Haka nan in abin da kuke so ya haɗa da sabon gini, misali ƙofar shiga unguwa da za ta ratsa saman layi, ko wani abu a shataletale, wannan ya zama maganar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, sai da izininta. Wanda ya gina ba takarda, ranar da aka zo da jan fentin alamar rusau kada ya ce ba a faɗa masa ba.

2. Gaisuwar manya

Mai unguwa ne farko. Shi zai ce ko maganar ta tsaya a wurinsa ko sai an kai wa dagaci. Kada matasa su tafi su kaɗai, a nemi dattijo ɗaya da ake jin maganarsa ya yi jagora. Kuma ba kuɗi aka je nema ba. Abin da za a ce bai wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, yaranka ne suka ga bangon nan ya lalace, suke son gyara shi da zanen gargajiya. Mun zo neman izini da shawara kafin mu taɓa komai."

Daga nan sai liman. "Allah gafarta Malam, ga abin da muke son zanawa, ko akwai abin da ya kamata mu kiyaye?" Wannan tambayar guda ɗaya tana kashe surutun wata uku.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa: mai shayin da ke kafa teburinsa a jikin bangon, mai faci, mai cajin waya, da 'yan majalisar da ke zama a nan bayan isha'i. Su ne za su kwana da bangon bayan kowa ya watse. In ba a sa su ciki tun farko ba, su ne za su kafa ƙusa a tsakiyar dagin su rataya buhu.

3. Kwamiti

Mutum biyar ko bakwai, kada ya wuce. Shugaba, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, mai lura da aiki wanda ya san gini ko da kaɗan ne, da mata biyu. Matan ba don cika lissafi ba ne. Gidajen cikin gari ba a shiga, kuma kuɗin da ke hannun masu adashi da masu sana'ar cikin gida, namiji ba zai taɓa kai wa gare su ba daga bakin zaure.

Ma'aji da mai binciken kuɗi kada su fito gida ɗaya, kada kuma su zama abokan cin tuwo. Wanda aka san yana neman kansila ko yana riƙe da muƙamin jam'iyya, a karɓi shawararsa da gudummawarsa, amma kada ya hau kujerar shugaba. In unguwar tana da ƙungiyar taimakon kai da kai mai rijista da ƙaramar hukuma, ku shiga ƙarƙashinta, kun huta. Rijistar CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, sai in kuna da niyyar ci gaba da irin wannan aiki shekara da shekaru, bango ɗaya bai kai a sha wannan wahalar ba.

4. Me za a zana, wa zai zana

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin zanen shi ne abin da za ku nuna wa mutane su sa hannu a aljihu.

Kafin ku yi gardama a kan komai, ku ɗauki rana guda ku je ku buɗe ido. Ku shiga Gidan Makama, ku leƙa Gidan Ɗan Hausa, ku tsaya a Ƙofar Kudu ku kalli fuskar gidan sarki, sannan ku bi lungunan cikin gari ku ga fuskokin tsofaffin zauruka da zankwayensu. Ku ɗauki hotuna. Za ku ga ba dagi kaɗai ake yi ba. Akwai zanen da aka ɗauko daga aikin babbar riga irin su aska takwas, akwai na hula, na ƙwarya, na zayyanar allo, akwai takobi da tambari. Unguwa kuma tana iya sa abin da aka san ta da shi: masu rini su sa shuɗin baba, maƙera su sa uwar maƙera da masaba, dukawa su ɗauko zanen jaka da titimi.

Iri biyu ne aikin. Akwai na fenti zalla a kan shafaffen bango, shi ne mai sauƙin kuɗi da saurin gamawa. Akwai kuma zane mai tudu, wanda magini ke fitar da shi da siminti ko da laka tun filasta tana ɗanya, daga baya a bi shi da launi. Mai tudun ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ko fentin ya koɗe zanen yana nan, kuma mai manna fasta ba ya son sa domin takarda ba ta kwanciya a kansa. In kuɗi ba za su kai a yi duka da tudu ba, shawarata a yi manyan dagi uku ko huɗu masu tudu, a cike tsakaninsu da fenti.

Abubuwa uku ku nisanta. Na ɗaya, hoton mai rai, mutum ne ko doki ko tsuntsu. Malamai da yawa ba su yarda da shi ba, kuma bangon jama'a ba wurin gwada saɓanin malamai ba ne. Na biyu, ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a bangon da ke bakin kwata, inda yara ke jingina, akuya ke goga jiki, wani kuma ya tsuguna da dare. Niyyar mai kyau ce, wurin ne bai dace ba. In ana son rubutu, a sa sunan unguwa da boko da ajami, ko karin magana guda. Na uku, launin da za a karanta a matsayin na jam'iyya ko na ɗarika. A Kano ja da fari kaɗai in suka yi yawa a bango, an gama fassara muku aikin. Ku gauraya: shuɗi, ruwan ƙasa, ɗorawa, kore kaɗan, fari da baƙi wajen fitar da layi.

Masu yin aikin kuwa, ga inda ake samunsu: maginan gargajiya, waɗanda za a iya tambaya ta wajen Sarkin Magina ko ma'aikatan gidajen tarihin nan, masu rubuta allon shaguna da zanen bayan manyan motoci, waɗanda hannunsu ya faɗa da dogon layi, da ɗaliban sashen zane na manyan makarantu. Ku zaɓi uku, kowa ya zana muku a takarda da launi, a kan awon bangonku na gaskiya. Ku biya su ɗan ladan wannan zanen daga aljihun 'yan kwamiti. Mai zane ba almajirin gayya ba ne, kuma wanda aka sa ya yi kyauta tun farko, da rabin zuciya zai ƙarasa.

Kada ku yarda da hoton waya kawai. Ku ce ya kai ku ku ga aikin da ya yi wanda ya sha damina biyu. Sabon fenti kowa gwani ne.

Zanen da kwamiti ya fi so, a buga shi babba a liƙa a jikin bangon kwana bakwai, a tura a zauren unguwa. Mai ƙorafi ya yi yanzu.

5. Lissafin abin da zai ci

Ba zan ba ku farashin buhun siminti ko bokitin fenti ba, domin kafin ku gama karantawa ya canja. Abin da ba ya canjawa shi ne yadda ake lissafin.

A auna tsawo da tsayi da tef. A ce bangon mita 30 ne, tsayinsa mita biyu da rabi, ya zama murabba'in mita 75. A kan shafaffen bango, lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kamar murabba'in mita 8 a shafa ɗaya. Shafa biyu ake yi, don haka kuna buƙatar kusan lita 19, wato babban bokiti ɗaya mai lita 20 na launin ƙasa, ban da fentin share fage da ake fara sawa. In bangon mai kaushi ne zai sha fiye da haka. Launukan zanen kuma galan-galan ake saya mai lita 4, mai zanen zai faɗi nawa. In za a sake filasta, buhun siminti mai kilo 50 yana shafe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10, ya danganta da kaurin da yawan yashin, ke nan buhu 8 zuwa 10, a ƙara biyu ko uku in akwai zane mai tudu.

Waɗannan kowa yana tunawa da su. Abin da ke karya kwamiti ƙananan ne: yashi da kuɗin sauke shi, ruwan 'yan garuwa na kwana da kwanaki, buroshi manya da ƙanana, rola, samfefa, kananzir ko tina na wanke buroshin fentin mai, hayar tsani ko katakon hawa, kuɗin kurkurar da za ta ɗauko kaya, abincin rana da ruwan leda na ma'aikata, kwashe ɓaraguzai, buga takardu da littafin rasit. Ku rubuta kowanne a layinsa.

Mutum biyu su je kasuwa su ji farashi a shago uku, a Ƙofar Ruwa ko wajen masu kayan gini na Sabon Gari, su dawo da shi a rubuce da kwanan wata. Ladan mai zane da birkila a yi shi jinga, kada a yi na kullum, in ba haka ba aikin mako biyu zai kai wata.

In an haɗa jimla, a ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari saboda tashin kaya, sannan a ɗora wani kashi 10 na gyaran bayan damina. Wannan adadin na ƙarshe shi za a faɗa wa jama'a. Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗin ƙaramin adadi don kada a tsorata mutane, sai a dawo zagaye na biyu ana cewa kuɗi ba su isa ba. Zagaye na biyu ba ya taɓa kai rabin na farko, kuma daga nan ake fara cewa an ci.

6. Inda kuɗin za su zauna

Mafi kyau asusun ƙungiya, mai sa hannun mutum uku, wanda ba a cire kuɗi sai biyu sun sa. In hakan bai samu ba, a buɗe sabon asusu fil da ba a taɓa amfani da shi ba, ko a banki ko irin su Moniepoint da OPay, a kuma yarda cewa mai binciken kuɗi zai ga bayanan shiga da fita duk mako. Kada a yi amfani da asusun da ma'aji ke cefane da shi, ko da waliyyi ne. Ba zarginsa ake yi ba, kare shi ake yi.

A sayi littafi mai kauri guda da littafin rasit mai kwafi. Duk wanda ya ba da kuɗi a hannu, ko naira 200 ce, a yanka masa rasit nan take. Duk daren Juma'a sakatare ya fitar da jerin abin da ya shigo da abin da ya fita, a tura a zaure, a kuma liƙa kwafi a ƙofar mai unguwa saboda waɗanda ba sa riƙe babbar waya. Wanda ba ya son a ambaci sunansa a rubuta "wani bawan Allah" da adadin da lambar rasit ɗinsa, shi zai gane kansa.

Gargaɗi: hoton rasit ɗin taransifa ba kuɗi ba ne. Kada a rubuta sai ma'aji ya ga sun zauna a asusu. Ku kuma buɗe layi na musamman don cajin masu POS da naira 50 ɗin da ake cirewa a turin da ya kai naira 10,000. Ƙanana ne, amma su ne ke hana lissafi daidaita a ranar ƙarshe, a tsaya ana kallon-kallo.

7. Karo-karon kansa

A sa wa'adi, mako shida ya isa. Tarin da ba shi da ranar rufewa mutuwa yake yi a tsaye. A kauce wa azumi da gab da sallah biyu da makon komawa makaranta, lokacin kowa da abin da ya dame shi.

Tsarin zagayen yana da muhimmanci. 'Yan kwamiti su fara zubawa, sunayensu su hau saman jerin. Sannan a bi masu hali na unguwa su biyar ko goma a gidajensu, cikin sirri, da zanen a hannu da takardar lissafi. Kada a ce "Alhaji, a taimaka da abin da ya sauwaƙa." A ce "Alhaji, ga abin da ya rage, siminti buhu goma da bokitin fenti ɗaya, wanne za a ɗauke mana?" Ɗan kasuwa ya fi son ya san abin da ya saya. Da yawa ma za su fi son ba da kayan a maimakon kuɗi, wannan kuwa alheri ne, domin tashin farashi ya koma kansu. Sai dai a faɗa musu irin fentin da mai zane ya zaɓa, kada a kawo muku ragowar na cikin ɗaki.

In an samu kamar kashi ɗaya cikin uku, sai a fita gida-gida. Mutane sun fi sakin hannu in sun ga tafiya ta riga ta miƙa. A yanka ɗan abin da kowa zai iya, a ce misali naira 2,000 kowane gida, ana iya biya sau biyu. Gida 120 ke nan naira 240,000 in kowa ya bayar, amma ku yi lissafi da rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Wanda ya ce ba shi da shi, a yi masa godiya, a gayyace shi ranar gayya. Ba a tilasta wa kowa, ba a kuma karanta sunan wanda bai bayar ba.

Daga nan sai 'yan unguwa da ke Abuja, Legas, Fatakwal ko Saudiyya. Kada a tura musu saƙon da aka tura wa kowa. Abokin ƙuruciyar mutum ya kira shi, ya tura masa hoton bangon da ya sani tun yana tafiya makarantar allo.

Za a tambaye ku, kuma tambaya ce mai nauyi: "Mutane na fama da abin sawa a baki, ku kuna fenti?" Kada ku yi fushi, kada ku kawo dogon turanci. Abin da na ga ya yi aiki shi ne haɗa zanen da wani amfani da ido ke gani: yashe kwatar da ke gindin bangon, kwashe bolar wurin, da kafa fitila mai sola guda ko biyu. Tsohuwar da ba ruwanta da dagi tana da ruwa da hasken lungun da take bi da asuba. A sa waɗannan cikin lissafi tun mataki na 5.

Gargaɗi, kuma guda huɗu ne. Ba a karɓar zakka a wannan aiki, tana da mutanenta. Ba a taɓa asusun masallaci, iyaka a roƙi liman ya yi sanarwa. Ba a tare titi da igiya ko benci ana karɓar kuɗi a hannun masu wucewa, ba a kuma tura yara da kwali. Na huɗu, in ɗan siyasa ya kawo, a karɓa a rubuta kamar na kowa, bisa sharaɗin ba suna ba hoto a jikin bango. In ya ƙi sharaɗin, a mayar masa cikin girmamawa.

Taron ƙaddamar da gidauniya, da rumfa da kujeru da lasifika, ni ban cika son sa ba a aiki ƙarami. Hayar kayan tana cin rabin abin da aka tara, kuma yawancin abin da ake shelantawa a lasifika alkawari ne. Alkawari kuwa ba ya sayen siminti. A rubuta shi a shafi daban, kada a haɗa shi da kuɗin hannu.

In wa'adi ya cika kuɗi ba su kai ba, a rage tsawon bangon, kada a rage ingancin fenti. In sun yi rara, su tafi asusun gyara. Wannan ma a faɗe shi tun ranar farko.

8. Yarjejeniya da mai zane

A rubuce, shafi ɗaya: zanen da aka amince da shi, ranar farawa da ta gamawa, jimlar lada, da yadda za a biya. Kashi uku ya fi: kafin alƙalami kamar kashi 30, kashi 40 in an kai rabi, ragowar bayan kwamiti ya zagaya ya gamsu. Kayan aiki kwamiti ne zai saya tare da shi, a ajiye a zauren wani amintacce, a riƙa fitarwa kullum da rubutu.

Mu a nan muka sha. Wanda muka fara ɗauka ya zo da labarin rashin lafiya a gida, tausayi ya kama mu muka ba shi kusan duka. Ya yi kwana huɗu, sai ya samu aikin wani gida a sabuwar unguwa, muka yi mako uku muna kallon rabin dagi. Da ya dawo an gama lafiya, amma surutun da ma'ajinmu ya sha a makon nan uku, har yau ba ya son a tuna masa.

A bar wa mai zane ɗan gurbi a kusurwa ya sa sunansa da shekara. Haƙƙinsa ne, kuma wanda zai sa sunansa ba ya yin aikin banza.

9. Ranar aiki da abin da ke biyo baya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. A watan Agusta bango ba ya bushewa. A Disamba da Janairu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. A Afrilu kuwa zafi yana busar da filasta kafin ta kama, sai ta tsattsage.

Ranar farko ta gayya ce. Matasa su kankare fastoci da tsohon fenti, a wanke bangon, a yashe kwata, mata su taimaka da kunu ko ɗanwake in an shirya da su. Daga nan sai a bar wa masu sana'a. Birkila ya buɗe tsagogi ya cike, ya gyara bakin indararo yadda ruwa ba zai bi jikin zanen ba, ya yi filasta, a fitar da zane mai tudu tun tana ɗanya. A riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har mako guda.

Sai haƙuri. Sabuwar filasta tana son mako uku zuwa huɗu kafin ta karɓi fenti. Jama'a za su matsa, za a ce aiki ya tsaya, an cinye kuɗin. Ku sanar tun kafin a fara cewa akwai wannan jiran. Wanda ya yi gaggawa a nan, fentinsa zai yi bororo ya zube.

Bayan nan a sa fentin share fage, a bi da launin ƙasa shafa biyu, a bar tsakaninsu ya bushe. Mai zane ya ja layukan awo da igiya da alli ya fitar da zanen, kwamiti ya zo ya gani kafin a sa launi, domin gyaran alli kyauta ne. Ana fenti daga sama zuwa ƙasa, da safe da kuma bayan la'asar. Mai lura da aiki ya sa ido a kan ruwan da ake ƙara wa fenti, kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin. Ƙasan bangon, kamar mita ɗaya, a yi shi da fentin mai mai duhu wanda ake iya wankewa, kada a sa zane mai laushi a nan.

Gargaɗi: in bangon na ƙasa ne, na tubali, kada a lulluɓe shi da siminti. Siminti ba ya kama laka, yana kuma tsare danshi a ciki, wata rana sai ya ɓalle falle guda ya tafi da zanen. Wannan aikin maginan gargajiya ne, da yaɓen makuba ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Kuma a duba wayoyin wuta da suka bi ta saman katanga kafin a kafa tsani, a kuma hana yara wasa a ƙarƙashinsa.

10. Buɗewa, bayanin kuɗi da tsaron bangon

Ba sai an yi biki ba. Bayan la'asar ɗin wata Asabar, mai unguwa da liman su zo, a yi addu'a, sakatare ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kwabon ƙarshe, da abin da ya rage a asusun gyara. A ɗora littafin da rasitai a kan tebur, mai so ya buɗa. A liƙa kwafin bayanin, a tura wa na nesa tare da hotuna.

A ƙarshen bangon a kafa allon katako ko a bar fili mita biyu ba zane, a rubuta "Wurin liƙa sanarwa". Masu fasta ba za su daina zuwa ba, musamman in zaɓe ya matso, gara a nuna musu inda za su manna. A damƙa amanar bangon a hannun mai shayi da 'yan majalisar wurin a gaban mai unguwa, da lambar wanda za su kira. Fastar da aka manna da dare a cire ta da safe da ruwa da soso, tun sitacin bai bushe ba.

Ragowar fenti a rufe shi sosai a ajiye a inuwa, sakatare ya rubuta sunan kamfanin da lambar kowane launi a bangon littafin, tare da hoton zanen na asali. Duk shekara in damina ta wuce, mutum biyu su zagaya da mai zanen, a duba ƙasan bangon da bakin indararo, a taɓa inda ya koɗe daga kashi goman nan da aka ware, a rubuta abin da aka kashe a shafi na gaba.